Bargon da Ya Ƙi Bushewa

Mun sauka Landan da safe, amma ba wata alamar safiya. Sama ta rufe ruf, launin tokar murhu, ba rana ba inuwa. Ina biye da maigidana da goyo a baya, shi yana gaba riƙe da takardu, yana sauri kamar wanda ya san hanya, alhali shi ma ranar ya fara taka ƙasar. Malamin gona ne a Tudun Wada, gwamnati ta turo shi ƙaro ilimi na shekara guda, ya dage sai an haɗa da ni saboda yarinyarmu tana kan nono, ko rarrafe ba ta fara ba. Ita ce ta fari, sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa kowa Uwani yake ce mata. Ni kuwa tun da aka haife ni a Burumburum ban taɓa wuce Kano ba.

Wanda ya zo tarbarmu wani mutumin Kiru ne, Garba, da aka haɗa mu da shi tun daga gida. Ya daɗe a can, har Hausarsa ta fara karyewa. Yana hango mu ya buɗe hannu.

"Oyoyo mutanen daji! Malam, haka ka taho da babbar riga? Yau za ka san Allah ɗaya ne."

Ya kai mu gidansa, ɗaki biyu a saman wani shago. Matarsa Asabe ta karɓe mu hannu bibbiyu, ta dafa mana shinkafa, ta ɗauki Uwani tana yi mata wasa. Ta zaunar da ni ta yi ta ba ni labarin ƙasar: kada in gai da wanda ban sani ba, kada in watsa ruwa ta taga, kada in bar yarinya ita kaɗai ko zuwa bakin ƙofa. "Nan ba gida ba ne, Saude. In suka ga ba ki iya riƙon ɗa ba, zuwa suke da mota su ɗauke shi, sai dai ki bi su da ido." Wannan maganar ta shige ni, ta samu wuri ta zauna.

Kayanmu akwati biyu ne da buhu ɗaya da Innata ta ɗinke bakinsa da hannunta. A cikin buhun akwai gwadon da ta ba ni, saƙar hannu, mai nauyi, da bargunan kayan ɗakina, da zannuwan gado, sai ƙulle-ƙullen kuka da kuɓewa da daddawa da yaji a tsakiya. An gaya wa Inna ƙasar sanyi ce, ita kuma abin da ta sani game da sanyi ke nan: a yi ta jibga abin rufa, wani kan wani.

Ranar da za mu wuce garin da makarantar take, can arewa, Garba ya taɓa buhun da ƙafa.

"Wannan fa? Malam, motar nan ba irin ta Kwanar Ɗangora ba ce da ake ɗaure awaki a sama. Akwati ɗai-ɗai suke karɓa. Ku bar shi nan, akwai wani namu mai zuwa can ƙarshen mako, sai ya kawo muku har ƙofa."

Na matsa kusa da maigidana na yi ƙasa da murya. "Malam, ko gwadon ne a cire mana."

"Haba Saude. Ƙasar da ake saƙa bargo za ki kai wa bargo? Kada ki ba ni kunya gaban mutane."

Haka aka bar buhun a gidan Garba. A tasha na ga wata baƙar mata ana loda mata jakunkuna, kowace ta fi buhunmu girma, direba bai ce mata komai ba. Na dubi Malam. Ya juya yana karanta wani allo a bango.

Mun wuni a hanya. Uwani ta yi amai ta ɓata mini mayafi, na rasa inda zan sa kaina don kunya, sai wani tsohon Bature da ke kujerar gefe ya miƙo mini hankicinsa, fari tas, ya yi mini alama in riƙe. Ban san yadda ake godiya da yarensu ba, sai na yi ta sunkuyar da kai. Ta taga ina ganin gonaki kore shar cikin wannan sanyin, ga tumaki birjik masu jibgin gashi, ba makiyayi, ba ko mai riƙe da sanda. Na ce a raina, da a wajenmu ne da tuni an kai ƙara gaban dagaci. Kafin in ce la'asar ta yi, duhu ya rufe.

Ɗakin da aka sama mana yana can ƙololuwar wani gida na baƙin dutse, sai an hau siririyar matakala. Mai gidan tsohuwar Baturiya ce, mijinta ya rasu, tana zaune a ƙasa ita da wani ɗan kare mai gashi har ido. Kare a cikin ɗaki, a kan kujera! A namu ɗakin akwai gado, da kwabar kaya, da kujeru biyu, da hita ta lantarki mai ɗumama ɗaki, wadda ba ta kamawa sai an jefa sulalla a wani ɗan akwati. A kan gadon zanin gado ɗaya ne, sai wani abu fari mai kauri, mai laushi kamar an cusa gajimare a buhu. Su suna da sunan da suke kiransa, bakina bai taɓa iya shi ba. Ni bargon buhu nake ce masa, don gashin tsuntsu ne aka ɗinke a ciki, aka kuma zura shi cikin wata rigar yadi mai maɓallai.

Amma a ranar ba mu san bargo ba ne. Mun ɗauka ƙaramar katifa ce aka ɗora don laushi. Muka kwanta a kansa, muka rufa da zannuwana na ɗaurawa da babbar rigar Malam, Uwani a tsakiya. Ni da na tashi kusa da duwatsun Doguwa, ina cewa na san sanyi. Ashe wasa muke yi. Wannan ba ya tsayawa a fata, ƙashi yake nema.

Da safe tsohuwar ta hawo ta nuna mana yadda ake kunna hita. Ta ga irin shimfiɗar da muka yi, ta tsaya cak, sai ta fashe da dariya har tana tari. Ta janyo abin ta yafa a kafaɗa, ta kwantar da kai tana munsharin ƙarya. Da ta fita Malam ya gyara murya.

"Ai na sani. So nake ki fara sabawa da yanayin ƙasar."

"Allah Ya saka da alheri, Malam. Haƙoranka da suka kwana suna kaɗawa, su ma sabawa suke yi?"

Ya yi dariya, ni ma na yi. An daɗe kafin mu sake yin wata tare.

Kwanakin farko ban san safe ba ban san yamma ba. Malam ya fita da duhu, ya dawo da duhu. In na leƙa titi sai in ga mutane suna wucewa kowa kansa a ƙasa, ba sannu ba yauwa, maƙwabci ya wuce maƙwabci kamar sun yi faɗa. Lokacin salla ma sai da agogo, ba ladan, ba inuwar da zan duba. Ni da yarinya da bango huɗu.

Gaskiya ɗaya, bargon buhu yana da ɗumi. Amma hankalina bai taɓa kwanciya da shi ba. Ba shi da nauyi, ni kuwa na saba abin rufa ya danne ni in san na rufa. Guda ɗaya ne mu uku, in Malam ya juya sai ya tafi da shi. Kuma ba a rage shi, ba a ƙara shi: ko dai ka shiga ka yi gumi, ko ka fito ka daskare. Uwani takan nutse a ciki, in yi ta lalube ina neman fuskarta, in same ta sharkaf da gumi, in yaye mata, kafin an jima jikinta ya yi ƙanƙara. Barcina ya koma rabi da rabi.

Sai kuma fitsari. Duk yadda na naɗa mata nafkin sai ya ɓullo. A gida wannan ba abin magana ba ne: da safe a wanke zani, a baza a kan danga, kafin hantsi ya ɗaga ya bushe. Nan na cire rigar yadin na wanke, amma da na shinshina cikin, fitsarin ya ratsa. Ga wasu tabo-tabo rawaya da ba namu ba. Ga gashin kare na tsinta a bakin ɗinki.

"Malam, shi cikin yaya ake yi da shi?"

"Na tambaya. Rigar kawai ake wankewa."

"Cikin ba ya ganin ruwa?"

"Haka suke yi."

"To mutum nawa suka kwana a cikinsa kafin mu? Wa ya san wanda ya yi jinya a ciki, wa ya san wanda ya mutu? A jikinsa zan kwana in tashi in yi salla?"

"Saude, ina da karatu a gabana. Ki sake kaya ki yi sallarki. Kada ki taɓa wa mata kayanta."

Na daure. Ran nan Uwani ta yi zawon haƙori, ya wuce nafkin, ya wuce rigar, ya shiga ciki. Malam ya tafi makaranta. Na ce yau kam ko sama da ƙasa za su haɗu sai na wanke.

Na ja shi banɗaki, na tara ruwa a bahon wankansu, dogon farin nan, na zuba garin sabulu na danna shi. Da farko ƙin nutsewa ya yi, sai ya kumbura ya taso. Na tattare zani na shiga da ƙafa na yi ta tattakawa kamar mai kwaɓa ƙasar gini, Uwani a bayana. Ruwan da ya fito, kai, kamar na kududdufi. Na ji daɗi a raina, na ce ka gani ko. Na sake ruwa, na sake, har ya fita fes. Sai da na zo ɗagawa na san na jawo wa kaina aiki. Abin da nake ɗauka da yatsa biyu ya koma kamar mushen maraƙi. Ba ya matsuwa. In na murɗe nan, ruwan ya gudu can. Da ja da hutawa na sauko da shi matakala yana tsiyaya, na kai shi ɗan filin da ke ta baya na rataya a igiyar shanya. Igiyar ta sunkuya har ƙasa.

Na koma sama na zauna jiran rana. Har yanzu in na tuna sai in ji tausayin kaina: ina leƙa taga ina jiran rana, a ƙasar da tun zuwanmu ban ga inuwata ba.

Tsohuwar ta dawo daga kasuwa ta gan shi. Ta ɗora hannu a ka, ta yi ta magana da sauri-sauri, fuskarta ta yi ja. Ban gane komai ba sai yatsan da take kaɗawa. Malam da ya dawo bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya tsaya ya daɗe yana kallon gadon ba komai a kai, ya ce, "To yanzu da me za mu rufa?"

Washegari na je dubawa na tarar ya sandare, ya yi tauri kamar busasshiyar fatar saniya, in ka ƙwanƙwasa har ƙara yake. Muka kinkimo shi mu biyu muka hawo da shi ɗaki, muka baza shi daga ƙofar kwaba zuwa kan kujeru, muka kunna hita a ƙarƙashinsa. Da ya saki sai wari ya tashi, irin na kazar da aka tsoma a ruwan zafi za a fige. Gashin duk ya dunƙule wuri-wuri kamar curin fura. Na bi tagar da tsummoki na toshe duk wata kafa, don kada iska ta shigo ta taɓa mini yarinya. A ganina dabara na yi.

Kwana da kwanaki abin nan yana rataye. Baya ya bushe, ciki a jiƙe. Ɗakin ya koma kamar cikin tukunya: gilashin taga yana zubar da ruwa, bango yana gumi, bayan gado ya yi baƙi-baƙi da fumfuna. Kayan sawarmu ma duk suka yi danshi. Mu kuma muna rufa da zannuwa da wata kwat da Malam ya samo a gwanjo. In ya tafi makaranta sai in zauna a bakin gado da Uwani a cinya, in yi ta tuna safiyar gidanmu: kowace danga da tabarma da bargo a kanta, Inna tana bugun gwado da sanda, matan Fulani suna shigowa da ƙwaryar nono suna tsokanarta wai ta tsufa ba ta iya ciniki ba. Da la'asar a kwaso shanya, kaya da ɗuminsu, suna ƙanshi. Ban taɓa lura rana tana bar wa kaya ƙanshi ba sai a ɗakin nan.

Malam ya yi ta zuwa ɗan ɗakin waya na bakin titi yana kiran Garba kan buhunmu. Yau mutumin bai samu zuwa ba, gobe motarsa ta lalace. Daga baya Asabe ce take ɗauka, ta ce ba ya nan. A ƙarshe ta ce masa ai ɓeraye sun shiga buhun saboda daddawa, sun zubar da shi gaba ɗaya. Ya dawo ya faɗa mini yana kallon ƙasa.

"Ɓerayen Landan har gwado suke ci?" na ce.

Ya jawo littafinsa ya buɗe.

A cikin kwanakin ne Uwani ta fara tari, kaɗan-kaɗan. Na shafa mata man zafi a ƙirji, na dafa tafarnuwa na ɗiga mata, na ƙara toshe taga. Tarin ya sauka ƙirji. Ta daina kama nono sosai, ta ɗan ja ta saki tana haki. Abin da ya fi tayar mini da hankali kukanta ne. Yarinyar da in ta yi kuka a Tudun Wada maƙwabta suke leƙowa ta katanga, sai ga shi tana buɗe baki ba abin da ke fita sai wani siririn sauti kamar na ɗan kyanwa. Na so in ce a je asibiti, maganar Asabe ta riƙe mini baki. In suka zo suka ga ɗakin nan fa? In suka ce ni na jawo?

Wata safiya ina sake mata riga na ga fatar tsakanin haƙarƙarinta tana shigewa ciki duk numfashi, leɓenta ya sauya launi. Malam ya riga ya rataya jaka.

"Malam, yau ba makaranta."

"Muna da gwaji yau, Saude. In na dawo..."

"Zo ka duba. In za su ƙwace ta, su ƙwace ta da rai."

Ya duba. Ya ajiye jakar.

A asibiti ba su ɓata lokaci ba, suka karɓe ta daga hannuna suka sa ta a wani ɗan gado da aka lulluɓe da leda mai haske, ana hura mata iska. Ba goyo, ba ɗauka, sai dai in zura hannu in riƙe ƙafarta. Likitar mace ce, ta yi ta tambayar Malam yana juya mini: ina take kwana, da me ake rufa mata, akwai danshi a ɗakin? Na ce, "Kada ka faɗi na bargon." Ya ce, "Na riga na faɗa." Na zauna ina kallon ƙofa. Duk wanda ya shigo da takarda a hannu sai in ce ga masu motar nan sun zo.

Kwanakin asibitin sun cakuɗe mini, ban iya rarrabe su. A kujera nake gyangyaɗi. Abincinsu dankali ne da wani ganye da aka dafa har ya mutu, ba gishiri ba yaji. Malam yana zuwa da yamma da littattafansa, ya buɗe, ba ya juya shafi.

Wata rana da hantsi ina riƙe da ƙafar Uwani ina cewa, "Ya Allah Ka dube ni, Ka dubi baƙuntata," sai na ji daga bayana an ce, "Kai! Wa ke Hausa a nan?"

Na juya. Wata baƙar mata ce, ƙaƙƙarfa, ta manyanta, tana tura keken shayi. Sunanta Memuna, 'yar zangon Kumasi ce a Gana, ta yi shekara da shekaru tana aiki a asibitin. Hausarta wata iri, amma wallahi ji na yi kamar Innata ce ta shigo. Na riƙe hannunta na fashe da kuka, irin wanda ban yi ba tun zuwana. Ta bar ni na yi mai isata, ta haɗa mini shayi ta cika sukari, ta ce in ba ta labari. Da na kai wurin tattakawa da ƙafa sai ta dafa keken tana dariya.

"A baho? Da ƙafa? 'Yar'uwa, ni ma na yi! Shekarar da na zo. Nawa har sanyi ya wuce bai bushe ba, sai bola na kai shi a ɓoye, na ce wa mai gida ɓarawo ya sace a igiya."

"Anti, za su ƙwace mini ita?"

"Su ƙwace su kai ta ina? Nasu ma sun ishe su. Wa ya gaya miki wannan shirme? Sha shayinki."

Ita ta nuna mini abin da aka rufa wa Uwani, wani ɗan bargo mai huji-huji kamar komar masuntan Bagauda. Na ce wannan me zai tare? Ta ce in sa hannu a ƙarƙashi. Na sa, da ɗuminsa. Ta ce yaro ƙarami ba a sa shi a bargon buhu, zafi yana yi masa yawa, kuma yana iya rufe masa fuska. Sirara ake jerawa, in ya yi gumi a cire ɗaya, in ya ji sanyi a ƙara. Na ce ai haka Innata take yi. Ta ce, "To Innarki ta fi ki wayo." Abin da ya fi mini wuya shi ne da ta ce kullum safe in buɗe taga. In buɗe wa sanyi da hannuna!

Allah Ya taimaka numfashin ya daidaita, aka sallame mu. Ba wanda ya zo da mota. Amma muryar ba ta dawo ba, kuma likitar ta ce in ƙirjin ya sake kamawa a wannan sanyin zai fi na farko muni. Memuna ta rako mu har gida bayan ta tashi aiki, da wata ƙatuwar jaka: tsofaffin barguna masu kaushi, ruwan toka, irin na soja, da zannuwan gado da suka sha wanki har suka yi laushi, da mai huji-huji biyu.

Muka hau sama muka tarar an wanke bango, an janye gado daga jikinsa. A kan gadon ga bargon buhu, fari fat, ya kumbura ya fi da, yana ƙanshi. Ashe tsohuwar ce ta sa aka kai shi wurin injin wanki da busarwa, can cikin gari. Tana tsaye a bakin ƙofa da karenta a hannu tana murmushi, tana jira ta ga murnarmu. Ta shafa kan Uwani, idonta ya kawo ruwa. Na durƙusa na yi mata godiya da Hausa, ta yi ta amsawa da nata yaren.

Da suka sauka ita da Memuna, Malam ya zauna a bakin gadon ya sauke ajiyar zuciya.

"To alhamdu lillahi. Ga shi ya dawo, har ya fi da tsabta. Waɗannan tsummokaran ki zuba su a kwaba, kada matar nan ta ga kamar mun raina alherinta."

"Ba zan sa ta a ciki ba, Malam."

"Ai yanzu an san inda ake wankewa."

"Wa zai kai? Ni da ban san hanya ba, ko kai da ba ka wuni a gida? Gobe da safe za ta jiƙa shi. Jibi ma haka. Ni abin da hannuna zai iya wankewa ya matse ya shanya nake so."

"In ta ji haushi ta ce mu tashi fa? Kin san wuyar ɗaki a garin nan ga mai goyo?"

"To kai ka rufa da shi, ta ga ana mora. Ni da ita ga namu."

Ya dube ni. Tun da aka kawo ni gidansa ban taɓa mayar masa da magana haka ba. Sai ya tashi ya ninke bargon buhun ya tura shi gefensa, ya ce, "Miƙo bakin zanin in kama miki."

Haka muka raba gadon. Gefensa fari, a kumbure. Gefenmu kamar shimfiɗar masu kwana a tasha: leda a ƙasa, zani, mai huji-huji, sannan bargon soja a sama yana cizon wuya. Amma yana da nauyi. Na ji an danne ni, na yi barci.

Sauran sanyin nan a wanki na ƙare shi. Kullum safe in yaye abin da ta jiƙa, in wanke, in matse, in rataya ɗai-ɗai kusa da hita, in goya ta in lulluɓe, in buɗe taga ina karanto addu'a. Kafin azahar sun bushe. Hannuna ya farfashe har yana jini, bayana kamar zai rabe. Ba na zuwa ko'ina, ba na ganin kowa sai Memuna in ta samu hutu. Kullum kunnena yana kan ƙirjin yarinyar nan. In ta yi tari ko ɗan kaɗan, abinci ya fita raina ke nan ranar. Tana ci, tana wasa, har ta fara jan ciki, amma in ta tashi kuka, siririn sautin nan dai ne.

Wata Asabar da hantsi Malam yana gida, ya baza littattafai a kan gado, jarrabawa ta matso. Na fito daga banɗaki da jiƙaƙƙen zani a hannu, na tarar Uwani ta ja jiki ta kamo igiyar hita tana kaiwa baki. Na yi tsalle na fizge. Ta dube ni, ta cika ƙirji, ta tsala ihu.

Ihu na gaske, mai tsaga kunne. Karen tsohuwa ya ɗauki haushi daga ƙasa. Ta ja numfashi mai tsawo, ba kakari ba tari, ta sake saki, ya fi na farko.

Malam ya toshe kunne ɗaya da yatsa, idonsa a kan littafi. "Saude, don Allah ɗauke ta mana, ta cika gida."

Ina tsaye, ruwan zanin yana ɗiga a kan ƙafata.

"Ƙyale ta, Malam," na ce. "Bari ta ƙara."